Shekarar Jan Biro

Akwai wata magana da ta daɗe tana yawo a gidan nan, daga ɗakin mahaifiyarku har wayoyin jikokina, wai ni na taɓa rusa aikin yayarku a gaban baƙi saboda ban iya riƙe bakina ba. Rabin maganar gaskiya ce, shi ya sa ta ƙi mutuwa. Tun da Allah ya ara mini kwana har na zauna rubuta tarihina, bari in ba ku ita cikakkiya, ku daina raba rabi a tsakaninku.

A shekarar da abin ya faru na riga na ajiye aikin malamin dabbobi. Kun san gidan rundawa na fito a nan Talata Mafara. Mahaifina da wuƙa ya ciyar da mu, ni kuma na ƙare da allura. Babu karar dabbobi ko mahauta tsakanin Mafara, Bakura da Maradun da ban shiga ba, kuma babu makiyayin da ban taɓa yi wa faɗa a kan saniyarsa ba. Zaman gida bai karɓe ni ba ko kaɗan. Sai in fitar da kujera ƙofar gida in yi ta gyara wa masu wucewa yadda suke ɗaure akuya a bayan babur, har mahaifiyarku Luba ta fara roƙon Allah ya kawo abin da zai fitar da ni daga unguwar.

Yayarku ce ta kawo shi. Ita ce 'yar farina, don haka ban taɓa kiran sunanta ba, kamar yadda mahaifina bai taɓa kiran na yayana ba. Injiniya nake ce mata, tun ranar da ta kwance mini rediyo tana ƙarama ta mayar da shi ya fi da magana. Ban kuma taɓa yaba mata a gaban idonta ba, haka muka tashi muka tarar. A lokacin tana Kaduna, ita da abokan aikinta biyu sun ƙirƙiri wata manhaja ta waya suka sa mata suna Jan Biro. Aikinta shi ne, in ka buɗe shafin intanet ka ga an rubuta abin da ba daidai ba, sai ka taɓa layin da yatsa, jan layi ya soke shi, ka rubuta gyara a kai, sunanka ya fito a jiki, duk wanda ya buɗe shafin da manhajar ya gani. Abin da ya dame ta shi ne shafukan noma da kiwo na Hausa, waɗanda ake rubutawa a ofisoshi masu nisa. Tana so manoma da makiyaya da mahauta su riƙa gyara su da kansu. Ta zo gida da kanta, ta durƙusa ta gama gaisuwa, sannan ta fito da damin takardu.

“Baba, masu tallaha muna sun ce sai sun ji ra'ayin waɗanda za su yi aiki da shi kahin su ci gaba. Ba ni da wanda yas san mutanen nan kamar kai.”

“To, ni mi zan yi?”

“Ka gwada musu, ka ba su wagga takarda su zaɓa.”

Takardar fom ce mai fuska uku, ɗaya tana dariya, ɗaya ta yi shiru, ɗaya ta ɗaure. Na duba na ce aikin yara ne. A raina kuwa daɗi ya kama ni, don rabon da wani ya ce yana bukatata har na manta.

Na fara da karar Mafara ranar Talata, na bi da Bakura, na shiga ƙauyukan Maradun da rana tsaka saboda hanya ba ta da lafiya a lokacin. Ko'ina na je salona ɗaya ne. In gama gaisuwa, in tambayi gida da dabbobi, in karɓi wayar mutum in sa masa manhajar, sannan in turo ƙirji in ce aikin 'yata ne. Daga nan in miƙa fom da biro in tsaya a kansa kamar mai jiran a biya jangali. Kowa mai dariya yake zaɓa. A Bakura har da wani dillali da wayarsa ta mutu tun safe, bai ga komai ba, amma ya karɓi fom ya zagaye mai dariya ya ce Allah ya ƙara basira. Na cika jaka da fuskoki masu dariya na dawo gida ina taƙama. Da Injiniya ta ce mini daga wurinta ba ta ga wanda ya yi gyara ko ɗaya ba, mu duka biyu muka ɗora laifin a kan rashin sabis.

A Damaga idona ya buɗe. Ina da tsohon aboki a can, Mamman, manomi ne kuma makiyayi, ya kuma yi karatun zaure mai zurfi a wurin mahaifinsa. Na buɗe masa wani shafi a kan ciyar da shanu bayan girbi, inda marubucin ya ce da an kwashe dawa a saki dabbobi cikin gona su ci abin da ya rage. Mamman ya karanta a hankali, ya gyaɗa kai, ya zagaye mai dariya. Muka yi sallar azahar, aka kawo fura. Na zaga bayan zaure wanke hannu, sai na ji muryarsa yana gaya wa ƙanensa cewa wanda ya rubuta abin nan bai taɓa kiwo ba, don bai ce komai a kan gyauro ba, kuma duk wanda ya bi shi ya saki shanu a kan ɗanyen tohon dawa zai kwashi gawa. Gaskiya ya faɗa. Ni kaina na sha tarar da saniya a kwance ciki a kumbure saboda gyauro, kuma na karanta shafin nan ya fi sau goma ban lura ba, don hankalina yana kan fom. Raina ya ɓaci, na dawo hannuna yana ɗigar ruwa.

“Mamman, ashe ka ga gyara kay yi shiru? To don mi nik kawo maka abin?”

“Bawa, ji tsoron Allah. Ni in ɗauki jan biro in soke rubutun malamin da ban taɓa gani ba, sunana rataye ga jiki? Ɗiyansa su buɗe su ishe wani baƙauye ya ƙaryata ubansu gaban duniya? Ba a yi mani wagga tarbiyya ba.”

“To don mi kaz zaɓi mai dariya?”

“Kai kak kawo shi, kac ce na ɗiyarka na. Huskarka nid duba, ba ta takarda ba.”

Da ya ga na yi sanyi sai ya shiga ciki ya fito da wata tsohuwar gafaka, ya zaro littafin mahaifinsa, irin mai warwatsen takardu da ake ɗaurewa da tsirkiya. Rubutun mai littafin yana tsakiya da manyan haruffa. Gefe da gefe kuwa, sama da ƙasa, har a karkace, ƙananan rubutu ne na mahaifinsa da na malamin mahaifinsa. Ya ɗora yatsa a wani wuri.

“Nan Baba bai yarda da mai littahi ba. Duba da kyau, ko wasali guda bai taɓa mai ba. Gehe yak koma, yaf fara da yi mai addu'a, yac ce ga abin da munka ji ga malamanmu, yar ruhe da Allah shi a masani. Haka munka san gyara.”

Na dawo gida na ba Luba labari ina huci, ina cewa mutanenmu munafukai ne. Tana tankaɗe, ko ɗagowa ba ta yi ba, ta ce ba munafunci ba ne, tambayata ce ta banza. Ta tuna mini cewa shekara nawa ina cin tuwon ƙanwata mai gudaji ina cewa ya yi daɗi. Shawarar da ta ba ni ita ce ta gyara aikin gaba ɗaya, kuma ina so a rubuta mata wannan. Ta ce in bar fom a gida, in daina ambaton 'yata, in daina tsayawa a kan mutane, in tambaye su abin da zai hana maƙwabcinsu amfani da manhajar, don mutum ya fi sakin baki in maganar wani ake yi.

Haka na sake zagaye da ɗan littafin rubutu a aljihu. A Dosara na zauna a kan tabarma na miƙa waya na yi kamar ina gyangyaɗi, ina kallo ta wutsiyar ido. Na ga yadda yatsa ke kai wa layi, jan nan ya fito, mutum ya janye hannu da sauri kamar ya taɓa tukunya mai zafi. Na tambayi labarin maƙwabta, sai ga magana tana zuba. Wannan ya ce maƙwabcinsa ba zai so sunansa ya fito ba. Wancan ya ce nasa maƙwabcin ya san kiwo ƙwarai amma rubutun boko yana ba shi wuya, da magana ce da ya yi. Wata dattijuwa mai kiwon raguna ta aiko daga cikin gida cewa ita jan nan ne ba ta so, yana tuna mata da ranar da malamin makaranta ya cika littafin ɗanta da shi. Ban taɓa jin maƙwabta masu kama da masu ba da labarinsu irin na wannan zagaye ba. Littafina ya cika.

Yanzu ga wurin da nake so ku karanta a hankali, don nan ne laifina yake. Ana saura kwana biyu taron da za a yi da masu tallafi na kira Injiniya na karanta mata wasu shafuka. Da ta amsa, na ji gajiya a muryarta.

“Baba, na ji. Amma bari mu wuce taron nan da takardun da munka tara, in an amince sai mu gyara. In sunka ji wanga yanzu, aikin ya tsaya.”

Na ce to. Ban yarda ba, amma na ce to, don na ji tausayinta kuma ban san yadda ake musu da 'yar fari ba. Ni da nake zagin mutanen Damaga, ni ma na zagaye mata mai dariya.

Ranar taron aka haɗa ni ta waya, ina zaune a zauren gidan nan ina ganin fuskokinsu a ƙananan akwatuna. Injiniya ta yi bayani mai kyau, ta nuna hoton tarin fom. Sai wata mata daga cikin masu tallafin, mai jin Hausa, ta juyo kaina ta ce ni da na zauna da mutanen, shin suna amfani da manhajar? Na duba jakar fom, na duba ɗan littafina, na tuna shanun da za a saka a kan gyauro. Da na ce a'a na tsaya a nan, da da sauƙi. Amma kun san ni in na fara. Na ce ba mai amfani da ita, kuma ba za a yi ba. Na ce fuskokin nan masu dariya kunyata aka ji, ba manhajar aka so ba. Har na ƙara da cewa wanda ya ƙera abin bai san mutanensa ba. Ina gani a ɗan akwatin nan fuskar 'yata ta canza, ta sunkuyar da kai tana gyara takardun da ba su bukatar gyara.

Aka dakatar da aikin. Ɗaya daga cikin abokan aikinta ya kama gabansa. Babbar salla ta zo ba ta zo gida ba, karo na farko tun da aka haife ta. Takan kira mahaifiyarta, in aka miƙo mini waya ta gaishe ni gaisuwa cikakkiya, babu abin da ta rage, babu kuma abin da ta ƙara. Ni kuwa ina ta cika baki a ƙofar gida cewa gaskiya na faɗa. Ranar da muka yanka rago, ina fiɗa, Luba ta tsaya a kaina da kwano a hannu.

“Gaskiya kaf faɗi, ba wanda yac ce ƙarya ta. Amma abin da Mamman yaƙ ƙi yi ma baƙon da bai sani ba, shi kay yi ma ɗiyar cikinka. Ta tambaye ka ku biyu kac ce to, kab bari sai gaban mutane kaɗ ɗauko jan biro.”

Ban ci naman nan da daɗi ba. Kunya ta kama ni irin wadda ban taɓa ji ba, kuma na san Luba ta fi ni gaskiya. Ban iya ba 'ya'ya haƙuri da baki ba, ba a koya mini ba. Sai na ɗauko takardun bayanin manhajar da Injiniya ta bar mini tun farko, na zauna da baƙin biro kwana uku. Ban soke mata ko harafi ɗaya ba. A gefen kowane shafi na fara da faɗin abin da ta yi daidai, wanda yake da yawa, sannan na rubuta ga abin da na ji a Dosara, ga abin da na gani a Damaga, na rufe da cewa Allah ne masani kuma ita ta fi ni sanin aikin. A gefen shafin ƙarshe na rubuta cewa maganar da na yi a taro ban janye ta ba, amma wurin da na yi ta kuskure ne, kuma kuskuren nawa ne. Na kai tasha na ba direban Kaduna, tare da ƙullin soyayyen nama daga mahaifiyarta.

Sati uku ban ji komai ba. Ranar wata Juma'a na dawo daga masallaci na tarar da takalmanta a ƙofar ɗakin Luba. Ta fito ta gaishe ni, takardun suna hannunta duk sun yi laushi saboda juyawa. Ba ta yi maganar taro ba, ni ma ban yi ba.

“Baba, gobe ka kai ni Damaga. Ina son in ga littahin nan da idona.”

Ta wuni a zauren Mamman tana juya takardun mahaifinsa, tana tambaya, shi kuma yana ta jin daɗi an zo ɗaukar karatu daga birni. Daga nan ta zauna a nan gidanmu har aka yi girbi, ita da abokiyar aikinta da ta rage suna aiki ta waya, babu mai tallafi, babu kowa. Duk abin da suka sake sai ta ba ni in kai ƙauye in miƙa in yi gyangyaɗina. Sau da yawa na dawo da labarin da ba ta so, amma yanzu a tsakar gida nake faɗa mata, mu biyu, tana rubutawa. Jan layi ya tafi. Rubutun marubuci ya zauna yadda yake, abin da mutum zai ƙara ya koma gefe. Wanda bai iya rubutu ba ya danna ya yi magana. Wanda ba ya son sunansa ya fito ya sa sunan garinsu kawai. Ta canza wa manhajar suna ta koma Gefe.

Ranar wata Talata muka kai Gefe karar Mafara. Mamman ya zo sayar da bijimi, na buɗe masa shafin nan na ciyar da shanu na miƙa masa, na juya ina duba haƙoran wata saniya da ba ruwana da ita. Sai na ji ya danna wurin magana ya gyara murya.

“Allah shi saka ma mai wanga rubutu da alheri, ya yi ƙoƙari. Ƙarin da muke da shi mu nan Damaga, in dawa ta yi gyauro bayan girbi, ɗanyen tohon nan na kashe shanu. A bari shi bushe kahin a saki dabba. Allah shi a masani.”

Dillalai suka kewaye shi, kowa yana cewa a ba shi shi ma yana da ƙari. Wani mahauci ɗan'uwanmu ya ƙwace wayar ya nemi shafin da ke maganar gane lafiyar hanta, ya yi bayani har sai da na ce ya bar wa wasu. Injiniya tana tsaye a gefe da mayafinta, tana kallon wayarta, ƙarin mutane yana shigowa ɗaya bayan ɗaya. Bayan kwanaki marubucin shafin da kansa, wanda ba mu taɓa sani ba, ya amsa a gefe. Ya gode wa malamin Damaga, ya ce ya ƙaru, ya kuma shigar da maganar gyauro cikin rubutunsa. Mamman ya karanta amsar nan ya fi a ƙirga, kuma har yau in kun je Damaga sai ya nuna muku. Masu tallafi suka dawo da ƙafarsu ba tare da an kai musu fom ko ɗaya ba. Abin da ya fi mini daɗi shi ne ranar da dillalin nan na Bakura, mai matacciyar waya, ya tare ni ya ce tsohon malamin dabbobi kamata bai dace a ce ba shi da Gefe a wayarsa ba. Ban ce masa ina da ita ba, na miƙa masa wayar na bar shi ya koya mini.

To, wannan ita ce maganar rusa aiki. Ban yi nadamar gaskiyar ba, na yi nadamar inda na ajiye ta, kuma yayarku ce ta ɗauke ta daga ƙasa ta gina abin da ya fi na farko.

Ranar da za ta koma Kaduna ta same ni a zaure, ta ajiye mini tsohon fom ɗin nan mai fuska uku da biro, tana danne dariya, ta ce saura ra'ayina. Na ture shi gefe. Na ɗauki wayata na buɗe shafin farko na Gefe, inda aka yi bayanin manhajar, na taɓa gefensa na rubuta da yatsa ɗaya, ita tana tsaye tana karantawa ta kafaɗata. Na ce Allah ya yi wa mai wannan aiki albarka, ba ni da gyara. Ƙarin da nake da shi ɗaya ne, sunanta Rabi'atu, kuma 'yata ce. Manhajar ta tambaye ni ko a ɓoye sunana a sa na gari kawai. Na ce a bar shi, duniya ta gani.